Kujerar Ermete a Saman Bene

A garinmu babu wanda bai taɓa jiran Ermete Fabbroni a bakin titi ba. Shi ne direban bas ɗin da ke kai mutane birni ya dawo da su, kuma tun da ya kama aikin har ya ajiye shi, ba a samu wanda zai rantse ya taɓa isowa a kan lokaci ba. In aka yi masa magana sai ya ɗora wa tudu laifi, ko tumakin da suka tare hanya. Mutum ne mai faɗin kafaɗa da saurin dariya, amma in ya ɗaga murya a coci na kusa da shi matsawa suke yi. Shi kuma Allah ya haɗa da Nives, wadda ta fi kowa daɗin murya a yankin.

Nives tela ce. Lokacin sanyi kuma takan shiga cikin 'yan amshi a gidan opera na birni, wato wasan kwaikwayo cikin waƙa, can layin baya, inda ba a rubuta sunan kowa da manyan baƙaƙe. Hakan bai taɓa damunta ba. Abin da ke damunta shi ne mijin da kullum sai an ɗaga labule yake shigowa.

Shekarar da aka zo da kyamara za a ɗauki wani wasan barkwancinsu, na wani maigida da barorinsa suka mayar shashasha, ta roƙe shi ya zo da wuri ko sau ɗaya a rayuwarsa. Ya yi rantsuwa har da dafa ƙirji. Ya iso an ci rabin wasa, da kayan aiki a jikinsa, ya haye can ƙololuwar bene ta hagu inda talakawa ke tsayuwa. Nives na kan dandamali a matsayin mai wanki, kwando a ƙugu. Tana waƙa tana ɗaga ido tana nemansa, sai ta hango shi yana haki yana kaɗa mata hula. Dariya ta kufce mata a inda ba a ce a yi dariya ba. Mai shirya wasan ya yi faɗa kamar zai ari baki, amma kyamara ta riga ta ɗauka.

Bayan Nives ta rasu, Ermete ya zama wani iri. Ba ya kuka a gaban mutane, sai dai gidan ya yi masa faɗi, kuma keken ɗinkinta ya hana kowa taɓawa.

Silimar cocinmu tana nuna opera da aka ɗauka duk ranar Lahadi da la'asar. Ottavia mai kunna majigin ta samo wannan wasan, ta mayar da shi na duk shekara a makon bikin Karnabal, shagalin da ake yi kafin azumin Kirista. Mutanenmu kuwa ba su taɓa yarda cewa hoto suke kallo ba. Tafi suke yi wa farin ƙyallen majigi, in waƙa ta yi musu daɗi su yi ta ihun "bis", wato a maimaita, har sai Ottavia ta mayar baya tana mita.

A nan Ermete ya gano cewa in ya zauna a kujerar ƙarshe ta hagu a benen silimar, idon Nives a kansa yake sauka. Daga ranar, mutumin da ya makara shekara da shekaru shi ke fara tsayuwa a ƙofa tun ba a buɗe ba. Aka yi ta tsokanarsa. Shi dai sai ya hau, ya ɗora hularsa a gwiwa, ya jira.

Bana gwiwoyinsa suka ƙi. 'Yarsa Loredana ta zo daga birnin Torino za ta tafi da shi gaba ɗaya da zarar an gama biki, saboda haka wannan kallon shi ne na ƙarshe, kuma ya sani. Da suka iso gindin matakalar benen, mai tsayi da ƙunci, ta riƙe hannunsa.

"Baba, ba inda za ka hau. Hoton ai ɗaya ne ko daga ina."

Ya bi ta suka zauna a ƙasa kusa da ƙofa.

Aka fara, ana ta dariya. Masu wanki suka fito. Nives ta ɗaga ido, kallonta ya wuce ta saman kansa zuwa benen da babu kowa. Ta nema, ta nema, sannan ta yi wa kujera marar kowa dariya.

"Bis," in ji Ermete da muryar nan tasa mai kama da ƙahon bas.

Jama'a suka waiwayo, don ba a taɓa neman maimaici a tsakiyar amshi ba. Ottavia ta tsayar da hoton ta leƙo ta tagarta.

"Kawu Ermete, masu wanki ma sai an yi musu bis?"

Primo mahauci ne ya fara ganewa. Ya dubi benen, ya dubi tsohon, ya miƙe yana naɗe hannun riga. Ya ce wa Ottavia ta mayar baya amma kada ta yi gaggawa. Shi da ƙaninsa suka ɗora Ermete a kujerar katako suka kama matakala, Loredana na biye da hular.

"Kai direba, tuwon polentar garin nan duk kai ka cinye?" in ji Primo yana nishi. "Yau kai ne fasinja, kada in ji ka ce muna jinkiri."

Suka ajiye shi a kujerarsa. Majigi ya tashi, masu wanki suka sake fitowa. Nives ta ɗaga ido tana nema. Ermete ya karɓi hular daga hannun 'yarsa ya kaɗa a cikin duhu.

"Ga ni, Nives," ya ce a hankali. "Na sake makara."

Ta dube shi ta yi dariya, sannan ta gyara kwandonta ta koma layin baya.