Ranar da Kawu Ya Tsare Albasar Maruda

Duk sa'ad da bazara ta kama, na ratsa ta kasuwa na ji warin albasar da rana ta gasa a cikin buhu ya gauraye da na man gas ɗin motar da ta kawo ta, sai in rage sauri. Na san ba ƙamshi ba ne, mutane ma toshe hanci suke yi su wuce. Amma ni, mai karatu, haka rigar mahaifina take wari, kuma a cikin wannan warin na girma.

A Gwandu aka haife ni. Baba direban babbar mota ne, yana kwasar albasa daga ƙauyukanmu ya kai kudu, ya dawo da goro ko manja ko katako. Motar ba tasa ba ce, ta wani attajiri ce a gari, amma ya fi mai ita sanin halinta. In ya tafi sai ya yi kwana takwas ko goma, babu labari sai addu'a. Wannan jiran ne ya koya mini sauraro. Ina cikin tsakar gida ina taya Inna tankaɗe, sai in ajiye rariya in ce Baba ya iso, alhali motar ba ta ko shigo gari ba. Tana da gurnani mai kauri, a samansa kuma akwai wani siririn fito da yake hawa in an taka ta, ya hau, ya hau, sai ya tsaya wuri ɗaya kamar an ce masa ya isa. Ban san me ke yin fiton ba. Na dai san shi kamar yadda na san tarin Inna.

Shekarar da nake aji biyar, da aka ba mu hutu, aka ce in tafi Kalgo wurin Kaka, mahaifiyar Inna. Baba ya ce tunda ta can zai bi, shi zai sauke ni. Da sassafe muka fara zuwa Maruda yin lodi. Albasar gidaje da yawa ce, noman rani guda, wadda suka yi wata da watanni suna ba ruwa a fadama. Manoman suka wakilta wani dattijo mai farin gemu ya bi kayan ya sayar musu. Ya zauna bakin ƙofa da buzunsa da butarsa, ni a tsakiya, Baba a sitiyari.

Tun da muka hau kwalta na ji abin da ban gane ba. Fiton nan ba ya tsayawa inda ya saba. Yana ta hawa har ya zama tsuwa mai shiga haƙori. Motar kuwa tana gudu kamar ba kaya a kanta, Baba yana wuce motoci yana murmushi, dattijon yana cewa mashaAllah. Wani zafi na tasowa ta ƙarƙashin kujera yana dukan ƙafafuna. Na dubi Baba sau biyu, na ga fuskarsa a sake, sai na haɗiye maganata.

Garejin Kawu, yayan Inna, yana bakin hanya a Kalgo, a ƙarƙashin darbejiya biyu. Ƙasar wurin ta yi baƙi da tsohon mai, ko'ina ƙarafa, ga gawar wata mota a baya kaji na kwana a ciki. Kawu gajere ne, mai ƙarancin magana, yana tsoma hannu cikin inji kamar mai laluben ƙwai a akurki. Baba ya tsaya don su gaisa kawai, bai ma kashe mota ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya dafa kaina ya tambaye ni hanya. Ni kuwa da wautar ƙuruciya na ce, "Kawu, motar Baba ta canza murya."

Baba ya yi dariya ya ce, "Rabu da ita, Yaya, surutu gare ta."

Kawu bai yi dariya ba. Ya sunkuyo daidai fuskata ya ce, "Mi kinka ji, ɗiyata?"

Na kwaikwaya masa da baki yadda fiton yake da, da yadda ya koma yau. Ya miƙe ya ce wa Baba ya taka ta sau ɗaya ya kashe. Da aka ɗaga kan motar, zafi ya bugo mu kamar an buɗe tanda. Kawu ya naɗe hannu da tsumma ya leƙa gefen injin, inda wani ƙarfe yake a naɗe kamar katantanwa. Bai daɗe ba ya nuna da bakin sifana. Wata waya ce, irin ta shanya, an murɗe ta tam a jikin wani ɗan hannun ƙarfe.

Nan Baba ya faɗi gaskiya. A tafiyar da ta wuce motar ta rasa ƙarfi a hawan kudu, har ana sa mata waigi a tsakiyar tudu. Wani bakanike na bakin hanya ya ɗaure wurin ya ce ta warke, kuma lallai tun daga ranar ƙarfinta ya ninku.

Kawu ya ce, "Motar ga ba ta barin nan haka."

Ran Baba ya ɓaci. Ya ce rana na yi, albasa ba ta jiran kowa, in ya dawo sai a gyara. Dattijon Maruda ya matso ya ce amanar mutane ce a wuyansa, in ta ruɓe da wane ido zai dube su. Kawu ya bar su suka gama, sannan ya jawo dattijon kusa, ni ma na kutsa. Abin da ya faɗa a ranar shi ne karatuna na farko a wannan fanni, kuma har yau ban ji wanda ya faɗe shi da sauƙi kamarsa ba.

Ya ce wannan katantanwar ita ake kira tobo. Hayaƙin da inji ya fitar, kafin ya tafi salansa, shi ke juya wata farfela a ciki, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke hura wa inji iska, kamar zugazugin maƙeri. Iska ta yi yawa, wuta ta yi ƙarfi. Amma waɗanda suka ƙera shi sun san ƙarfin zai iya wuce kima, sai suka yi wata 'yar ƙofa a gefe, bawul ke nan. In iskar ta kai iyaka, sai ta tura wata roba a cikin ɗan gwangwani, robar ta danne sifirin, sandan ƙarfe ya tura ƙofar ta buɗe, ragowar hayaƙin ya zarce salansa bai taɓa farfela ba. Wannan ƙofar ce aka ɗaure. Ya nuna musu tiyon iska da ya kumbura kamar cikin kwaɗo, da ƙarfen da zafi ya mayar ruwan toka. Ya ce in an ci sa'a ta kai Kwantagora kafin kan injin ya ƙone, in ba a ci ba, a daji za ta zauna da albasar da komai.

Dattijon ya shafa gemu ya ce, "Mu ma in ruwa ya cika fangali, fasa mai hanya mukai, in ba haka ba shi kwashe shuka."

Baba dai bai sauko ba. Ina jin kunya ce ta fi damunsa, an kama shi a gaban ɗiyarsa da fasinjansa. Ya juyo ya yi mini wani kallo da bai taɓa yi mini ba, ya ce, "Kin ga abin da bakinki ya jawo." Ya sa hannu a aljihu ya fito da makulli.

Da gudu na bar wurin. Gidan Kaka ba nisa, na faɗa jikinta ina kuka ina ba ta labari a hargitse. Tana tsinkar zogale a lokacin. Ta ajiye faifan, ta yafa mayafi, ta kama hannuna muka fito. Kaka ba ta taɓa taka garejin nan ba, ko da yake na ɗanta ne.

Mun tarar har Baba ya sauke kan motar, shi da Kawu kowa ya juya wa kowa baya. Da Baba ya hango surukarsa, sai ya tuɓe takalma ya durƙusa a cikin baƙar ƙasar nan, kai a sunkuye. Ta amsa gaisuwarsa a natse, ta tambayi Inna da yara. Sannan ta samu benci ta zauna a gaban motar, daidai hancinta, ta ce, "Ku sauke albasar ga ta sha iska, kar ta dahu." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Kai ma ka sani, ba a yi Bahaushen da zai tayar da mota surukarsa na zaune a gabanta ba. Baba ya mayar da makulli aljihu.

Nan da nan aka samu majiya ƙarfi suka sauke buhunan sama, aka jera su a inuwa, maƙwabta suka kawo zana aka yi wa sauran rumfa. Kawu ya jira ƙarfe ya huce ya kwance. Ashe ciwon na asali ƙarami ne. Sifirin ɗin cikin gwangwanin ya saki, ƙofar na buɗewa tun lokaci bai yi ba, bakinta kuma ya cinye, kunkunniya ta daskare a kai, hayaƙi na zurarewa. Shi ya sa motar ta rasa ƙarfi. Ya ciro wani gwangwanin daga gawar motar da ke baya. Ya kankare kunkunniyar, ya kwaɓa garin dutsen wasa da mai, ya yi ta murza ƙofar a mazauninta har ta zauna daram. Baba ya tsaya nesa da farko, daga baya na ga ya naɗe hannun riga yana riƙe masa ƙarfe.

Da aka zo gwaji, Kawu ya aro gejin auna iska wurin mai faci, ya haɗa da famfon keke, ya kira ni. Ya ce in riƙa bugawa a hankali, in zuba ido a kan sandan, da ya motsa in yi magana. Na buga, ya motsa da wuri, Kawu ya rage tsawon sandan. Na sake, ya yi nauyi, ya ƙara. Mun yi haka ya fi sau goma, gumi na zuba a idona, Kaka na kallo daga benci tana jan carbi. Sai da allurar ta tsaya inda yake so ya ɗaure noti.

Bayan la'asar muka fita gwada ta a hanyar Wurogauri, Baba na tuƙi, ni a tsakiya, Kawu a bakin ƙofa. Baba ya taka. Fiton ya hau, ya hau, ya tsaya. Kawu bai dubi Baba ba, ni ya duba ya ce, "Ta dawo?" Na ce ta dawo. Ya ce, "To, Direba, Allah shi kiyaye hanya."

Albasar ta isa, sai 'yan buhunan ƙasa da suka yi laushi. Baba bai taɓa ba ni haƙuri da baki ba, iyayen lokacin ba sa yi. Amma da ya zo ɗaukata ƙarshen hutu, kafin ya kashe mota ya leƙo ta taga ya ce, "Saurara mini, lafiya take?" Daga nan har ya bar tuƙi, duk dawowar da zai yi sai ya tambaye ni.

Kowane hutu bayan wannan a garejin Kawu na yi shi. Mutane sun yi magana, wai me ɗiya mace take nema cikin baƙin mai. Kaka ce ta tare mini, takan ce Allah ne ya ba ta kunnen, ba ku kuka ba ta ba. Da na gama sakandare na ce kanikanci zan karanta, Kawu da kansa ya zo Gwandu ya zauna da Baba, bai tashi ba sai da aka amince. Yau ina koyar da aikin inji a wata makarantar koyon sana'a. Baba da Kaka sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, ya saka musu da abin da ban iya biyansu ba.

Aikin ya sauya ƙwarai. Motocin yanzu da yawa ba su da gwangwani da sifirin, wani ɗan inji mai lantarki ne ke buɗe ƙofar, kwamfutar mota na ba shi umarni, wasu ma ba ƙofar sam, fukafukai ne a ciki ke karkata hayaƙin. Ɗalibaina na'ura suke jonawa ta faɗa musu ciwon. Ta fi mu daidai, ban musa ba. Garejin Kawu ya zama shagunan sayar da waya, shi kuwa idanunsa sun yi rauni, yana wuni a zaure.

Da sallar bara na kai masa irin na lantarkin guda ɗaya da muka cire a makaranta. Ya juya shi a hannu, ya laluba ko'ina da yatsa yana neman wurin ƙari da ragi. Na ce babu, Kawu, in ya mutu sai dai a sa sabo.

Ya ce, "To wanda abin ya kama a daji fa?"

Na ce, "Sai ya kira irina ta zo da na'ura."

Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ashe gara da munka yi ki."

Ya hana ni komawa da abin. An ce mini yana nan a gefen tabarmarsa, duk baƙon da ya shigo sai ya miƙa masa ya ce ɗiyarsa ce ta ƙera. Ba ni na ƙera ba, ban ma san ƙasar da aka yi shi ba. Amma har yau ban gyara masa zancen ba.