Mai Neman Birki a Layin Gwajin Ido

A layin gwajin ido, wata tela tana zaune kusa da wani dattijo mai furfura, takardar sabunta lasisin tuƙi na leƙowa daga aljihunsa. Wasa yake yi a waya: wani ɗan mutum na tafiya a kan tayil. Wani tayil ɗin yana da kibiya, kuma da ɗan mutumin ya taka shi sai ya zarce inda ta nuna, ko ya so ko ya ƙi, har ya faɗa ruwa.

Duk sanda aka fizge shi, ƙafar dattijon ta dama sai ta danna ƙasa. Birki yake nema. Ta ce a ranta, wannan tun ba a haife ta ba yake riƙe da sitiyari.

"'Yata, ina danna masa dama yana yin hagu. A buge yake ne?"

"Kibiyoyin ne ke tura shi, Baba. Sai dai ka kauce musu."

Ya kai wayar dab da hancinsa, ya goge ta da hannun riga.

"Waɗanne kibiyoyi?"

Kafin ta buɗe baki aka kira lambarsa. Ya dafa takardar, ya miƙe.