Mai Kifin Cikin Wasa

Sai da na aurar da 'yata na shiga ajin manya, shi ya sa karatuna a hankali yake. A ofisoshin Abuja na sha tsaki kafin in kai ƙarshen layin da nake karantawa.

Da 'yar ta bar mini wasan bidiyonta, na haɗu da wata mai kifi a cikinsa. Ta yi mini tambaya a rubuce, da Turanci. Na soma haɗa baƙi ina cewa, "Baiwar Allah, kika yi mini tsaki, na rufe wasan nan." Ta gyara tsayuwa kawai. Na karanta a natse, na amsa, ta miƙo mini kifin.