Maginin da Na Hana Salla

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da aka kawo mini Magini Buba a kan asabari ba. Bayan damina ne, ana yaɓen ganuwa wajen Ƙofar Atiku, ya zamo daga tsani, ƙeyarsa ta bugu da dutse. Lokacin ina wanzami ƙarƙashin Sarkin Aski, wanda ke raba mana marasa lafiyar unguwa. Hannuna bai fara rawa ba, kaina kuwa ya fi rawanina girma.

Na aske wurin, na yi masa ƙaho na zuƙe mataccen jini, na ɗaure da garin bagaruwa. Rauni ya warke, amma magana ta ɗauke. Na sa aka kulle shi a ɗaki mai duhu, na hana shi sunkuyawa, har da sujada, don kada jini ya hau masa kai.

Sai Buba ya shiga dukan ƙyaure yana gurnani. 'Yan'uwansa suka ce hauka ne, ranar Asabar za su sa masa mari, ƙarfen da ake ɗaure mahaukata da shi. Ni ma na yarda.

Matarsa Inno ce ta tare ni a zaure.

"Wanzam, ka taɓa lura da sa'ad da shika bugun ƙyauren nan?"

"Hauka na da lokaci?"

"Nashi na da. Sau biyar ga yini, in ladan ya yi kira. Kai ka hana mai salla."

Kunya ta rufe ni. Ranar Juma'a da magariba muka riƙe shi zuwa masallacin unguwa kusa da Hubbare, muka zaunar da shi a ƙarshen sahu. Da liman ya kai ƙarshen Fatiha, sai na ji wata murya a shaƙe kusa da kafaɗata ta ce, "Amin." Wallahi da kuka na ƙarasa sallar nan.

Daga Amin sai salati, daga salati sai sunan Inno. Bai sake hawa gini ba, harshensa kuma bai saki duka ba, amma mari bai taɓa ƙafarsa ba.

Ina kewar zamanin nan da mutanensa. Ku da kuke riƙe da aska yanzu, in kun gama duba rauni, ku tambayi mai jinya abin da ta gani. Ni na san inda jini ya kwanta a kan Buba, Inno ce ta san inda yake son zuwa.