Ranar Da Yaya Sabo Ya Sauko Da Yara Daga Tudu

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Malam Sabo, Allah Ya jiƙansa da rahama, amma duk sanda na zauna zan tuna shi, ba ranar jana'izarsa ce ke fara zo mini ba. Ƙarar sakata ce. Wata Asabar ce, ina tsakar gida ina tsince shinkafa, sai na ji matar mai gidan da muke haya a unguwar Asata, a nan Enugu, ta zura sakatar ƙofar waje, garam, da rana tsaka. Tun da muka tare a gidan nan ban taɓa jin an rufe ƙofar ba sai bayan isha'i.

Ta juyo tana haki ta ce mini, "Mama Habibu, no come out o," wato kada in kuskura in fita. Wai rigima ta tashi ta wajen kasuwa, wani mai albasa ɗan Arewa da wani direban keke-napep sun ba hammata iska. Wasu na cewa an rasa rai, wasu na cewa rauni ne kawai, amma dai shaguna sai rufewa suke. Na ajiye farantin shinkafa ban san na ajiye ba. Ɗana Habibu, lokacin yana aji biyar na firamare, ba ya gida. Tun da sassafe ya bi kawunsa Sabo da sauran 'yan sikawut sun hau tudun bayan gari.

Bari in faɗa wa wanda bai san shi ba ko wane ne Yaya Sabo. Mahauci ne a mayanka, kamar mahaifinmu, kamar maigidana. A nan Enugu aka haife mu, Ibo a bakinsa kamar Hausa. Tun yana firamare ya shiga sikawut, ya girma ya yi aure ya haihu bai bari ba. Ba wanda ke biyansa ko sisi. Ranar Asabar, wadda ita ce ranar cinikin nama, sai ya bar teburinsa a hannun wani ya sa kaki ya ɗaura ƙyallen wuya ya rataya usur. Abokan sana'arsa suna kiransa Janar marar bindiga. Idan ya wuce su ƙame su sara masa irin ta soja da wuƙar fiɗa a hannu, shi kuma ya tsaya ya karɓi gaisuwar da gaske, har su gaji su fashe da dariya.

Yana koya wa yara kafa tanti, da ɗaurin igiya iri-iri, da hura wuta da ɗanyen itace, da yadda ake ɗaure wa wanda ya yi targaɗe ƙafa. Da limaminmu ya nuna damuwa kan salla, sai Yaya ya kawo masa yaran suka nuna masa yadda suke gano alƙibla da inuwar sanda. Kowane rukuni yana da shugaba a cikin yaran, ana juyawa, kuma shugaba shi ne na ƙarshe a cin abinci. Habibu ya taɓa dawowa yana kuka don makon da ya yi shugabanci ƙanzo kawai ya samu.

Amma abin da ya fi jawo masa magana shi ne haɗa abokan tafiya. Duk fitar da za a yi, yara bibbiyu yake haɗawa, kuma bai taɓa haɗa Bahaushe da Bahaushe ba. Ɗanmu da ɗan Ibo, haka yake yi. Ya ce abokin tafiyarka amana ne a wuyanka har sai ya isa hannun nasu. Iyaye na can ba su so, na nan ma ba su so. Ni ma na taɓa yi masa magana, na ce Yaya mu baƙi ne a garin nan ko da an binne cibiyarmu a cikinsa, a bar yara su tsaya cikin nasu. Ya yi murmushi ya ce ai don hakan ne yake yi. Abokin tafiyar Habibu wani siririn yaro ne mai suna Obinna, gidansu a unguwar Uwani.

To, wannan Asabar ɗin na kira wayar Yaya har na gaji, ba ta shiga. Na san dama, in sun hau tudu kashe ta yake yi ya jefa a jaka. Kuma sau da yawa ya sha faɗa wa iyaye cewa in gari ya rikice suna waje, kada kowa ya bi sawunsu, shi zai kawo su. Magana ce mai sauƙin amsawa a ranar da gari yake lafiya.

Ba a jima ba aka fara dukan ƙofa. Muryar maigidana ce, Malam Iro. Matar mai gida ta buɗe, sai ta ja da baya ta dafe ƙirji. Shi ne da wasu mahauta masu 'ya'ya a cikin tafiyar, sun taso kai tsaye daga mayanka, za su tafi neman yaran, sun biyo ne su ji ta wace hanya aka hau. Riguna jage-jage da jini, hannuwa ja har gwiwar hannu, kowa da wuƙarsa a kube a ƙugu. Mahauci ba ya barin wuƙarsa a kan tebur ya tafi, ko bayan gida zai zaga. Su ba su ga komai a jikinsu ba, haka suke wuni kullum. Ni ma da na saba wanke waɗannan rigunan ban gani ba, sai da na kalli fuskar matar nan na ga abin da take gani.

Ban taɓa tare wa maigidana hanya a gaban mutane ba, sai ranar. Na ja mayafi na tsaya a bakin ƙofa.

"Baban Habibu, don girman Allah dubi jikinka," na ce. "A haka za ku ratsa gari ana cewa an kashe mutum?"

Ya dubi rigarsa, ya dubi na kusa da shi. Wani a cikinsu ya ce jinin shanu ne ai, kowa ya sani. Na ce wa zai tsaya ya tambaye ku ko na shanu ne? Ana haka liman ya iso, dattijo ne mai sanyin magana, wani ya je ya kira shi. Bai yi musu faɗa ba. Ya ce su wanke jikinsu tukuna, sannan a yi shawara. Suka yi layi a famfon tsakar gida. Na kawo daro suka zuba wuƙaƙen, na tura ƙarƙashin gado. Da suka gama suka ce to yanzu za su tafi, liman ya ce tarin maza 'yan Arewa suna sauri a titi yau, da wuƙa ko babu wuƙa, duk abu ɗaya za a karanta. Ya ce Sabo ya ce zai kawo su, a zauna. Suka koma ƙofar masallaci suka zauna, ba don sun gamsu ba.

Wannan zaman jiran, ban san da me zan kwatanta shi ba. Na yi azahar ban san me na karanta ba. Can nesa ana jin ihu yana tashi yana kwantawa, hayaƙin taya ya turnuƙe ta gabas. Ni na hana a je neman ɗana. Idan wani abu ya same shi, da wane ido zan dubi ubansa? Na ɗauki carbi, na ajiye, na sake ɗauka.

Yau idan na tuna, sai in ce da a wannan zamanin ne, da Allah kaɗai Ya san yadda za ta ƙare. Lokacin jita-jita da ƙafa take tafiya, sai ta gaji a hanya. Yanzu kafin ka ɗaura zani an turo maka hoton gawa a waya, wata ma ta wata ƙasa ce ta shekarun baya, an ce yanzun nan ne a bayan gidanku. Ga ranakun Litinin da gari ke yin tsit saboda zaman gida na dole da 'yan a-ware suka ƙaƙaba, yara ba makaranta, kowa na leƙen titi ta taga. Nakan tambayi kaina, da Yaya yana raye, zai ci gaba da hawa tudu da 'ya'yan mutane? Na san amsar. Zai tattara wayoyin yaran ya zuba a buhu ya ɗaure bakin, ya busa usur. Abin da ban sani ba shi ne ko mu iyaye za mu ba shi yaran.

Wajen la'asar muka fara jiyo waƙa. Da farko na ɗauka masu zanga-zanga ne. Sai na ji usur yana bin takun ƙafa. Yaya ne. Daga baya muka ji yadda aka yi. Suna saukowa wata mai sayar da okpa, alalen gurjiya na Ibo, ta gaya masa halin da gari yake. Bai ɓoye yaran a daji ba, bai kuma ce su watse kowa ya gudu gida ba. Ya sa kowa ya gyara kakinsa, ya cusa riga a wando, ya ɗaure ƙyallen wuya, masu hular Hausa suka cire suka sa a jaka. Ya jera su bibbiyu yadda suka fito, ya sa su waƙar tafiya da Ibo, suka bi tsakiyar babban titi ba lungu ba. Sun wuce gungun samari masu sanduna a wata mahaɗa. Wanda ya ɗaga sanda kan wannan layin, bai san ko ɗan ƙanwarsa zai fara samu ba. Suka buɗe musu hanya. Haka ya riƙa sauke 'ya'yan Ibo unguwa-unguwa, namu suka zo ƙarshe.

Na fita da gudu ba takalmi. Uwaye na ta rungumar 'ya'yansu, ni ina bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya har na kai ƙarshen layi. Babu Habibu.

Na riƙe hannun rigar Yaya. Na ce, "Yaya, ina ɗana?"

"Yana Uwani, gidan su Obinna," ya ce. "Ki sake ni in koma in ɗauko shi."

A tsaye ya yi mini bayani. Obinna ya gurɗe a ƙafa wajen saukowa, Habibu ne ya tallafo shi duk hanya. Da suka zo bakin layinsu, lungu ne mai tsawo, yaron ba zai iya shiga shi kaɗai ba, shi kuma Yaya ba zai shigar da yara duka lungu ba, ba zai kuma bar su tsaye a titi ba. Habibu ya ce shi zai kai shi, abokin tafiyarsa ne. Yaya ya ce to, in ya kai shi ya zauna a cikin gidan, kada ya leƙo ko ƙofa sai ya ji usur. Na faɗa masa abin da ke raina ranar, ban rage ba. Na ce ka kawo 'ya'yan kowa ka bar jininka a unguwar da ba mu da kowa. Ko ruwa bai sha ba ya juya shi kaɗai.

Maigidana ya miƙe zai bi shi, liman ya riƙe masa hannu. Ni kuwa a bakin titi na tsaya, na kasa komawa ciki. Rana ta yi ja, aka fara alwalar magariba. Sai ga su sun ɓullo ta kwana. Yaya a baya, a gabansa wata mata gajera ta ɗaure zani a ƙugu, ta riƙe hannun Habibu kam, wasu mata biyu sun sa shi a tsakiya. Uwar Obinna ce da maƙwabtanta. Ba su jira usur ba, a hanya ya gamu da su. Ta ce ta san akwai wata uwa can da ba ta zauna ba. Ta danƙa mini hannunsa a cikin nawa, ta ƙi shiga ko ruwa ta sha, don ta bar nata yaron a kwance.

Shekara biyu bayan nan ciwo ya kwantar da Yaya, bai tashi ba. An ce mini yaransa sun je maƙabarta cikin kaki, waɗanda ba Musulmi ba suka tsaya can gefe a jere har aka gama. Bai bar gida ba, bai bar fili ba. Rundunar sikawut ɗinsa tana nan, ta ragu ƙwarai, wasu daga cikin tsofaffin yaransa ke riƙe da ita, Habibu na taimaka musu idan ya samu sarari. Har yanzu bibbiyu suke haɗawa, har yanzu kuma akwai iyayen da ke cire 'ya'yansu saboda hakan. Ba na zarginsu. Ni kaina in aka mayar da ni bakin wannan lungun aka ce in zaɓa, ban ce zan bar ɗana ya shiga ba. Yaya ya ɗauki kasada da abin da ba nasa kaɗai ba, Allah Ya rufa asiri. Amma na san a garin nan akwai magidanta yau, nan da can, da idan aka ce a far wa su wane, sai wata fuska ta faɗo musu a rai, ta wanda suka taɓa cin ƙanzo tare a kan tudu. Wannan shi ne gadonsa, ina roƙon Allah Ya sa ya tarar da shi a mizani.

A daren ranar kafin ya kwanta, na zaunar da Habibu ina gasa masa ƙafafu da ruwan ɗumi, duk sun kumbura. Na tambaye shi, bai ji tsoro ba da ya shiga lungun mutane shi kaɗai da gurgu a kafaɗa? Me ya hana shi cewa kawunsa ya tura wani? Ya ɗago kai ya dube ni.

"Na ji tsoro mana, Umma. Amma mamansa ma a bakin hanya muka same ta, ba takalmi, kamar ke."