Musabahar da Ta Kayar da 'Yata a Jarrabawa

Assalamu alaikum. Ni mahauci ne a Garwa, ɗan mahauci, kuma a shekarun da zan ba ku labari ina ji da kaina ba kaɗan ba. A kasuwar shanu in na kama hannun mai sa, ya ce ya sallama, na ce Allah ya sa albarka, to magana ta ƙare, ko san ya kwana uku a wurinsa ba mai taɓa shi. Faransanci kuwa iyakata gaisuwa da kiran kilo. Takarda a wurina abin naɗe nama ce, kuma da bakina nake faɗin haka ina dariya. Wannan taurin kan ne ya cuci 'yata ta fari, shi ya sa na sa aka rubuta muku wannan wasiƙa.

Tana da shekara bakwai sanƙarau ya kama ta. Allah ya tashe ta, amma kunne ɗaya ya mutu, ɗayan kuma sama-sama yake ji. Yarinyar nan da kanta ta koyi karanta leɓe. In kana fuskantarta za ta kama maganarka tsaf, da Hausa ko Fulatanci ko Faransanci, amma in ka juya mata baya to da bango kake. A haka ta yi ta jan karatu har ta kai ajin jarrabawar BEPC tana da shekara sha shida, burinta ta zama malamar asibiti. Abu ɗaya ke hana ta sukuni, dikte, wato shifta, inda malami ke karantawa ɗalibai suna rubutawa. A ajinsu malamin ya san ta, yana tsayawa gabanta. Ranar jarrabawa fa?

Mahaifiyarta ta fi ni hankali. Ta ce mini malamin ya aiko a kai takardar likita a saka cikin dosiyen yarinya, wato fayil ɗinta na jarrabawa, kafin a rufe rajista, don a ba ta kujerar gaba, a sa mai karantawa ya fuskance ta, a ƙara mata lokaci. Na je asibiti sau ɗaya, aka ce likitan kunne rana ɗaya yake zama a mako, ranar kuma ta faɗo daidai da kasuwar shanu. Na dubi layin, na ja tsaki, na hau babur sai makaranta. Mataimakin shugaban makarantar mai sayen nama ne a wurina, mutumin kirki. Na yi masa bayani, ya ce in kwantar da hankalina zai kula da ita, amma in daure in kawo takardar. Wallahi rabin farko kawai kunnena ya ɗauka. Na kama hannunsa na girgiza, na ce Allah ya sa albarka. Da na koma gida na dubi 'yata ido cikin ido, na faɗa mata a hankali yadda za ta karanta bakina cewa an gama komai. Da uwarta ta sake tayar da zancen takarda na daka mata tsawa, na ce maza sun gama magana.

Ashe ba a makarantarsu ake yin jarrabawar ba. Wata makaranta aka tura su, masu tsaro baƙi ne, mutumina kuma an aika shi garin Gidar tsaron wata cibiyar jarrabawa. Ranar jarrabawa da safe na raka ta, tun daga bakin ƙofa ban ga fuska ɗaya da na sani ba. Lambarta ta kai ta layi na biyu daga baya. Na roƙi mai gadi, na roƙi jandarma, da ƙyar aka kira mini shugabar cibiyar. Ta buɗe dosiyen a gabana, ta juya shafi ɗaya bayan ɗaya, ta ce Alhaji babu komai a nan. Na ce an yi mini alkawari. Ta tambaye ni wa ya sa hannu. Na ce hannu muka gama, ni da shi! Ba ta yi mini dariya ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce ita ma uwa ce, amma in ta canza wa ɗaliba kujera ba takarda za a iya soke jarrabawar yarinyar gaba ɗaya a ce an yi maguɗi. Na ɗaga murya, jandarma ya riƙe mini kafaɗa ya fitar da ni.

Ina tsaye a waje sai ga hadari, ruwa ya sauko kan rufin kwano kamar ana zuba tsakuwa. Ta taga ina hango mai karanta dikte yana zagaya aji, takarda a gaban bakinsa, ya je can ya dawo nan. 'Yata tana ta juya wuya tana bin sa da ido, har aka tsawata mata aka ce ta daina leƙe-leƙe. Na ga ta ajiye biro. Ni da nake kayar da bijimi, ranar sai tsayuwa na yi a waje har aka tashi.

Da ta fito ba ta yi kuka ba. Ta tsaya gabana ta ce, Baba, ai ka ce an gama. Shi ke nan abin da ta faɗa. Sauran darussan ta shiga ne kawai da gangar jiki, sakamako ya fito babu sunanta. Wata uku ta ƙi taɓa littafi, ta ce makaranta ta masu kunne ce. Ni kuwa na bar kasuwar shanu makonni a jere, na bi layin likita, na bi ofis-ofis ina cire hula a gaban yaran da a haife na haife su, har takarda ta fito da hatimi. Na kawo mata da murna na ce wannan karon an gama. Ba ta dubi bakina ba. Ta miƙo hannu ta karɓi takardar, ta karanta har ƙasa, ta je ta tambayi uwarta ko gaskiya ne.

Ta koma, ta ci jarrabawar a shekara ta biyu, alhamdu lillahi. Amma shekarar da ta rasa ni na ci ta, kuma har yau in na yi mata alkawari sai ta nemi shaida. Ya ku iyayen yara masu lalura, kada ku auna makaranta da ma'aunin kasuwa. Mutumin kirki ana iya tura shi wani gari, ranar da ɗanku zai zauna shi kaɗai abin da ke cikin dosiye ne zai yi magana a madadinku. Ku bi layin ko zai cinye muku kasuwa goma, ku saurari uwar yaro, kuma kada ku ce wa ɗanku an gama sai kun riƙe takardar a hannu. Ni na faɗa ban riƙe ba, kuma yarinyar da ta yarda da ni ce ta ɗauki hukuncin.