Jif ɗin Injiniya a Layin Fahas

Har yau ban manta da safiyar Lahadin da Injiniya Kabiru ya shigo warsharmu da ke bayan unguwar Al-Oud ba, ana tsakiyar zafin Yuli. Shekarata tara ke nan ina gyaran mota a Riyad, kuma ni ne mu'allim na ɓangaren inji, wato babban makanike. Ba wanda ke sama da ni sai mudir, wato manaja, wani dattijo ɗan Yaman da muke kira Abu Salih. Tun kafin in ga motar na ji ta. Tsohuwar jif ce irin ta shiga rairayi, ta haura shekara ashirin, salansarta na ruri kamar injin niƙa.

Ga waɗanda ba su daɗe da zuwa ba, bari in yi bayani. A nan motar da ta kwana biyu dole a riƙa kai ta fahas, wato gwajin lafiyar mota. Ana duba birki da fitilu da tayoyi, sannan a zura wani ƙarfe mai waya a bakin salansa ya auna gubar da ke cikin hayaƙi. In babu takardar fahas, ba a sabunta istimara, wato takardar mota, ba a kuma mayar da ita sunan wani. Wanda zai bar ƙasar gaba ɗaya kuwa, ba a ba shi bizar fita muddin akwai mota da sunansa.

A nan Injiniya ya maƙale. Kwantiraginsa ya ƙare, zai kama sabon aiki a Abuja nan da mako biyu, matarsa da yara sun riga sun tafi. Ya samu mai saye, wani dattijo mai kiwon raƙuma a bayan gari, sai jif ta faɗi gwajin hayaƙi.

Bakano ne kamar ni, amma da Turanci ya fara yi mini magana. Ya miƙo mini takardu shida da ya buga daga intanet, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin abin da yake so in yi. Na ajiye su a kan durom, na ɗaga motar sama. Inda ya kamata dabba ta kasance, sai na ga bututu miƙaƙƙe. Dabba ita ce tukunyar nan da ke tsakiyar salansa, mai tace hayaƙi kafin ya fita, wadda makanikai a gida suke kira indomi. Na tambaye shi ina ta shiga. Har da gyara tsayuwa ya ce shi ya sa aka cire ta, domin tana toshe wa inji numfashi in ana hawan tudun rairayi. Na tambaye shi sau nawa ya shiga rairayin. Ashe sau biyu ne, kuma a na biyun janyo shi aka yi da igiya.

Sai ya rage murya, ya koma Hausa.

"Malam Sani, ni ba gyara nake so ba. Ka ara mini dabba ta kwana ɗaya, mu wuce fahas, ka cire abarka."

Na ce, "Injiniya, dattijon da zai saya fa? Baɗi shi zai shiga layin nan."

"Wannan kuma matsalarsa ce."

Na kai maganar wurin Abu Salih kamar yadda ƙa'idar warsha take. Ko kai bai ɗago ba ya ce, "Mamnu'." An hana, ke nan. Ni ma ko da ya yarda ba zan yi ba. Iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar, a sunan warshar nan take, in aka kama irin wannan aiki, Injiniya yana Abuja yana shan shayi, ni ne zan amsa tambaya. Ya kwashe takardunsa yana cewa shi digiri biyu gare shi, mu kuwa ba abin da muka iya sai canja kaya.

Ranar Laraba ya dawo, jif tana kan sadaha, motar da ke ɗaukar wadda ta mutu. Wani ya samu a gefen titi, ya zuba masa tina ta fenti a tanki, ya kuma shaƙe man da ke shiga inji, wai don hayaƙi ya yi sanyi. Da ya koma fahas, ana zura ƙarfen awo motar ta yi tari biyu ta mutu a tsakiyar layi, ga motoci sun jeru a baya. Direban sadaha ne ya ba mu labarin yadda Injiniya ya tuɓe kwat ya tura ta waje, digiri biyun suna kallo.

Wannan karon da sallama ya shigo, har da tambayar mutanen gida. Kamfanin Abuja sun ce in bai iso a kan lokaci ba za su ba wani gurbin. Idonsa ya yi ja, kuma gaskiya na ji tausayinsa, ko don yaran. Na gaya masa zan yi aikin, amma yadda na sani, takardunsa kuma su zauna a mota.

Alhamis muka juye tanki, na tafi tashlih, inda ake sayar da kayan motocin da suka mutu, na zaɓo dabba mai lafiya irin ta motar. Asabar na ɗaura ta, na canja sansar da ke auna hayaƙi, na sa sababbin fulogi da baƙin mai. Da na buɗe matatar iska, rairayin da ya zubo zai cika kofin shayi. Tun fitarsa ta biyu yake ciki. Mutumin da ya damu da numfashin inji bai taɓa buɗe hancinsa ya duba ba.

Lahadi da safe na tuƙa ta rabin awa a babban titi don dabba ta ɗauki zafi, domin da sanyinta ba ta aiki. Wannan ba dabara ba ce, haka aka ƙera ta. Muka shiga layi a kan lokacin da aka ba mu ta waya. Ma'aikacin ya zura ƙarfe, ya kalli allo, ya ce, "Najih, mabruk." Ta ci.

Ko ƙofa ba mu fita ba, takardar tana hannunsa, Injiniya ya juyo ya ce, "Mu'allim, tunda ta gama aikinta, ba za a iya cire ta a mayar tashlih ba?"

Na ce, "Walda na yi mata gaba da baya, ranka ya daɗe. Na san za ka tambaya."

Muka koma warsha. Washegari aka mayar da motar sunan dattijon mai raƙuma, Injiniya ya samu bizarsa, ya tafi ba sallama. Daga baya na ji a unguwar Jaradiya yana gaya wa mutane kafin tafiyarsa cewa shi ya gano ciwon motar, ya kuma nuna wa wani makanike yadda zai yi. Ban musa ba. Dattijon kuwa ya zo mana canjin mai bayan wata huɗu, jif tana tafiya lafiya, ya kawo wa Abu Salih nonon raƙumi a jarka.

Abin da nake so ku riƙe, ku da kuke koyon aikin nan, shi ne yawancin masu kawo mota kafin fahas ba lafiyarta suke nema ba, takarda suke nema, kuma wanda ya fi iya bayani shi ya fi son a yi masa ha'inci da hannun wani. Ku saurare shi da ladabi, sannan ku ɗaga motar ku duba da idonku. In kuma kun ɗaura dabba, ku yi mata walda.